Shin Motoci Masu Tuƙa Kansu Suna Bukatar Amana a Tsakaninsu?

Malamin kwamfuta, Gwagwalada: Assalamu alaikum. Ra'ayina shi ne mutum-mutumi da motoci masu tuƙa kansu ba za su iya aikin gayya ba sai kowanne ya san wanda zai gaskata. Idan motar gaba ta aiko da saƙo cewa hanya a buɗe take, alhali na'urar hangenta ta lalace, ta jefa na baya cikin haɗari. Dole kowace mota ta riƙa ajiye tarihin abokan tafiyarta.

Injiniya, Wuye: Malam, ban gamsu ba. A 2014 masu bincike a Jami'ar Harvard sun tara ƙananan mutum-mutumi 1,024, suka jeru da kansu har suka fitar da siffar tauraro, kuma babu sanayya a tsakaninsu. Kowanne yana auna tazararsa da maƙwabtansa ne kawai, yana bin ƙa'ida guda.

Tsohon direba, tashar Jabi: Hajiya, waɗannan hannu ɗaya ne ya ƙera su, kuma a kan tebur suke, ba a kan titi ba. Na daɗe ina jigila tsakanin Abuja da Jos. Idan direban da na sani ya ƙyafta mini fitila bayan Akwanga, nan take nake rage gudu, amma idan baƙo ne, sai na duba da idona tukuna.

Malamin kwamfuta: Lissafi ma yana bayan Baba. A 1982 masanin kwamfuta Leslie Lamport da abokan aikinsa biyu sun nuna cewa idan ba a iya tantance asalin saƙonni, na'urori ba za su tsaya a kan magana ɗaya ba sai masu gaskiya sun haura kashi biyu cikin uku.

Injiniya: Wannan ƙidayar rinjaye ce, Malam, ba zumunci ba. Abin da ke damuna shi ne wanda zai rubuta tarihin nan. A 2016, da manyan motoci daga kamfanonin ƙera motoci 6 suka yi jerin gwano zuwa birnin Rotterdam na ƙasar Holland suna magana da juna ta na'ura, kowane ayari na kamfani ɗaya ne. Ina tsoron ranar da za a samu 'yan mowa da 'yan bora a shataletalen AYA da ke Abuja, motocin babban kamfani suna ba juna hanya, baƙuwa tana tsaye da marar lafiya a ciki.

Tsohon direba: A tasha, Hajiya, sabon direba ba ya shiga layi sai wani ya tsaya masa, kuma idan ya yi ɓarna wanda ya tsaya masa ake fara kira. Malam, a tsarin naka, wa zai tsaya wa baƙuwar mota?