Ina neman sunan had-dis da Hausa kafin gobe da safe

Mai shirin rediyo: Assalamu alaikum malamai. Gobe da ƙarfe 9 zan naɗi shiri kan yadda mutum zai zaɓi had-dis, wato abin da ke adana bayanai a kwamfuta, mai sauri, marar ƙara, wanda kuma ba zai ƙarar masa da aljihu ba. Rubutu ya kammala, sunan abin ne ya tsaya mini. Na gwada faɗin "had-dis" a makirufo, da na saurara sai na ji kamar hadisi na ce, ba na so dattawa su ji haka. Ga kuma SSD, sabuwar da ke yin irin aikinsa, ita ma ba ta da suna.

Tafinta: Wa'alaikis salam, Malama. Faifan ajiya.

Ɗalibi: Ko ƙwaƙwalwar kwamfuta?

Mai gyaran kwamfuta: A'a ƙanena, RAM ta riga ta cinye wannan suna, ita kuwa da wuta ta ɗauke ta manta komai. Had-dis yana riƙe kaya ko an kashe na'ura. Faifai dai akwai shi a ciki. Wanda ya taɓa kwance ɗaya ya ga faya-fayai masu sheƙi kamar madubi, da siririn hannu da ke kai da komo a kansu ba tare da ya taɓa su ba. Ƙarar nan "ƙis-ƙis" ta hannun ce, gurnanin kuma na juyin faifai ne. Mai juyi 5400 a minti ya fi shiru da sanyi, mai 7200 ya fi sauri, ya fi ƙara.

Malamin Hausa: Ba a nemo suna daga cikin hanjin abu, daga aikinsa ake nemowa. Me yake yi? Ana zuba masa, ya adana, a ɗiba in buƙata ta taso. Wannan rumbu ne. Rumbun kwamfuta. Shekara da shekaru nake koya wa ɗalibaina haka.

Tafinta: Allah ya gafarta Malam, "rumbun bayanai" ya riga ya zauna a kan tarin bayanan da hukumomi da kamfanoni ke ajiyewa. In Malama ta ce a sayi rumbu mai sauri, kan mai sauraro zai ɗaure.

Malamin Hausa: Su waye suka zaunar da shi? 'Yan jarida masu gaggawa. Haka muka bari "kwamfuta" ta danne "na'ura mai ƙwaƙwalwa". Abin yana ci mini rai, kullum mu ne masu aro.

Tafinta: Ita na'urar ai daga Larabci muka aro ta, Malam, asalinta abin ɗebo ruwa ne mai juyawa. Ta daɗe ne har ta zama 'yar gida.

Malamin Hausa: Aron da ya shekara ɗaruruwa daban, wanda aka yi jiya don a ce an waye daban.

Mai gyaran kwamfuta: Ranka ya daɗe, ba neman suna muke da Turanci ba. Wanda na'urarsa ta mutu da aikin wata shida a ciki, in na ce masa rumbunka ya lalace, sai na sake yi masa bayani.

Ɗalibi: To "faifai mai tauri" fa? Shi ne ma'anar Turancin.

Tafinta: An kira shi mai tauri ne don a bambanta shi da tsohon faifan roba mai lanƙwasuwa. Wancan ya shuɗe, taurin bai gaya wa kowa komai yanzu.

Mai shirin rediyo: Don Allah malamai, dare yana yi. SSD fa?

Mai gyaran kwamfuta: Nan "faifan ajiya" ke faɗuwa, Malama, don SSD ba faifai ko ɗaya a cikinta, ba abin da ke motsi, shi ya sa ba ta ƙara. Ta SATA, wato mai tsohuwar hanyar haɗi da kwamfuta, tana karanta kusan megabait 550 a daƙiƙa, mai faifai kuwa tsakanin 100 da 200 yake yawo, ta NVMe, mai sabuwar hanyar haɗi, ta haura dubbai. Amma a kan kowane terabait na wurin ajiya, mai faifai ya fi araha. Ki gaya musu gaskiya: sauri, shiru da araha, ukun nan da wuya su haɗu a abu ɗaya. Ni SSD nake sa wa mutum don manhaja, in ƙara masa mai juyi 5400 don hotuna da bidiyo. Wannan bambancin nake so sunan ya fito da shi.

Tafinta: To na janye tawa. Ma'ajiya mai faifai, da ma'ajiya marar faifai. Tushen "ajiye" ne, ba wanda zai ce aro ce. Har ta farko da kamfanin IBM ya fitar a 1956, mai faya-fayai 50, sunan ya hau ta daidai.

Malamin Hausa: Ma'ajiya ta yi faɗi, akwati ma ma'ajiya ce. Kuma ba a raɗa wa abu suna da abin da ba shi da shi. Amma ta fi had-dis, wannan na yarda. A ajina rumbu zan ci gaba da cewa.

Mai shirin rediyo: Na gode ƙwarai. Zan ce "ma'ajiya mai faifai", in ambaci had-dis sau ɗaya a farko, a hankali, don masu zuwa saye. SSD zan bar ta da haruffanta, in bi ta da "wadda ba ta da faifai". Saura "juyi a minti", ya yi ko a gyara?

Malamin Hausa: "Zagaye" ya fi "juyi". Juyi yana iya zama kifewa.