Musayar waƙa a kan tsohon majalisa, Robert Byrd

Ɗan Goge: Salamu alaikum. Na buɗe fage da Sanata Robert Byrd na jihar West Virginia a Amurka. Ya shiga majalisar dattawa a 1959, mutuwa ce ta fid da shi a 2010 yana da shekara 92. Amsa-amo "wa" ne.

Maraya ne, uwa ta bar shi goye,
Da annobar mura ta zo wucewa.
Gidan mai haƙar kwal ne ya tashi,
A tsaunin da yunwa ba ta kunyar kowa.
Ya yi fawa, ya yi walda da hannu,
Ya hau kujera ba uban ɗorawa.
Sau tara jiharsa na ba shi ƙuri'a,
Hamsin da ɗaya bai san faɗuwa.

Gimbiyar Alƙalami:

Ɗan Goge ka iya wankin tsumma,
Ka tsallake dattin kana yabawa.
Ina farar riga mai rufe fuska,
Ta Ku Klux Klan da ya yi sanyawa?
Ba ɗan rakiya ba ne, shi ya kafa reshe,
Baƙar fata ce abin tsanawa.
Awa sha huɗu yana tsaye yana zuba,
Don dokar 'yanci ta kasa wucewa.

Ku Klux Klan ƙungiyar fararen fata ce masu tsanar baƙar fata. Zubar awa sha huɗun kuwa a 1964 ke nan. Ya kwana yana surutu don ya tare dokar hana wariyar launin fata, dokar kuma ta wuce ta bar shi.

Uwar Biyu: Allah ya ja zamanin Gimbiya! Ko kafin ya gama ɗaura izga kin tsinke masa ita.

Malam Na-Soro: Ku dakata tukuna. Ɗan Goge, ɗangonka na farko ya zauna daram a karin Wafir, ɗaya daga ma'aunan waƙa na aruli. Na uku kuwa ya rasa gaɓa ɗaya. Ka ce "A hannun mai haƙar kwal ne ya tashi", ka ji yadda zai miƙe. Ke kuma Gimbiya, "Awa sha huɗu yana tsaye yana zuba" zance ne kika yanka, ba waƙa ba.

Ɗan Goge: Na karɓi gyara, Malam. Ke kuwa ga naki.

Gimbiya ke da tonon tsohon rami,
Tuban da ya yi ba ki son ambatawa.
Ya ce kuskure ne, ya faɗa a fili,
Har tsufa bai daina nanatawa.
Ranar da Bush ya nufi Bagadaza,
Manya sun yi tsit, shi ke hanawa.
Tsarin mulki na aljihun rigarsa,
Ya zaro, hannu na rawa, yana ɗagawa.

Kuma a 2008 Obama ya mara wa baya, alhali kwana kaɗan kafin nan jiharsa Hillary Clinton ta ba rinjaye a zaɓen fid da gwani.

Gimbiyar Alƙalami:

Kura ta tsufa, haƙora sun zube,
Ta ce da akuya zo mu yi gaisawa.
Je ka tambayi Marshall na kotun ƙoli,
Baƙi na farko, wa ya ƙi amincewa?
Gogenka ba izga, muryarka ta dishe,
Ka zo fage don wane za kai raɗawa?

Thurgood Marshall nake nufi, 1967. Ƙuri'ar gwaninka "a'a" ce.

Auta Mai Shayi: Malam Na-Soro, da girmanka, amma wannan karin Hazaj ne ba Wafir ba. Mafa'ilun, mafa'ilun, ina Wafir a nan?

Malam Na-Soro: Yaro, ƙirga ƙafafun. Uku ne, ta ƙarshe fa'ulun. Hazaj da ƙafa biyu aka san shi. Wafir ne zihafi, wato ɗan sauyin da ke samun ƙafar kari, ya shige shi.

Auta Mai Shayi: To a nuna min mufa'alatun, ƙafar da aka san Wafir da ita, ko guda ɗaya a baitin. In babu ta ko'ina, da me za a shaida Wafir?

Malam Na-Soro: Da ƙafa ta uku, na ce maka. Wa ya koya maka aruli?

Auta Mai Shayi: Wanda bai koya min zagi ba.

Sarkin Fawa: Haba jama'a, mun bar sanata a tsaye. Ni abin da ya ba ni dariya, kuɗin da ɗan majalisa ke jawo wa mazaɓarsa Amurkawa "naman alade" suke ce masa. Shi kuwa da ya riƙe kwamitin rabon kuɗi sai da aka yi masa laƙabi da sarkin wannan nama.

Mahauci ne tun fari, ku daina mamaki,
Ya san inda tsoka take ɓoyewa.
Ya yanko cinya ya kai wa jiharsa,
Hanya, gada, asibiti, duk da sunansa ake kira wa.

Ɗangon ƙarshe ya yi kitse, Malam, na sani, kada ka wahala.

Uwar Biyu: Sarkin Fawa ka koma rumfa. Fagen nan na Gimbiya ne.

Na-Gaban Goshi: Wace Gimbiya? Baiti ɗaya take maimaitawa tun safe. Mutumin da ya yi shekara goma yana karatun lauya da dare, yana ɗan majalisa, har Shugaba Kennedy ya miƙa masa takardar shaida a 1963, shi za a taƙaita a riga ɗaya? Ɗan Goge, ka ci gaba, muna bayanka.

Gimbiyar Alƙalami: Ka iya ka yi baiti, Na-Gaban Goshi. 'Yan amshi a bayan fage suke tsayawa.

Ɗan Goge: A yi haƙuri, caji ne ya ƙare tun jiya. Na tarar da saƙo ya taru.

Kin ce ba izga, to ki sani Gimbiya,
Tsohon ma goge yake kaɗawa.
Ya ja baka a taro, dattawa su taka,
Ni ɗan gidansa ne wajen gogawa.
Kurar da kika ce haƙoranta sun zube,
Ta ciji Bush, ki je ki yi dubawa.

Gimbiyar Alƙalami:

Ta cije shi, amma yaƙi ya tafi,
Cizon dasashi ba ya hudawa.

Malam Na-Soro: Wannan baitin ma ɗangon farko ya gurgunce. Auta, ina jiranka, har yanzu ba ka kawo min Hazaj mai ƙafa uku ba.