Daga wane yaƙi zan fara karatun tarihin soja?

Sabon Ɗalibi: Assalamu alaikum manyanmu. Ina son shiga karatun tarihin yaƙe-yaƙe, tun zamanin mashi da garkuwa har zuwa na jirage marasa matuƙa, amma abin ya yi mini yawa. Ta ina zan kama?

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kama daga yaƙin Cannae a Italiya, shekara ta 216 kafin haihuwar Annabi Isa. Hannibal, janar ɗin Carthage ta Arewacin Afirka, ya bari tsakiyar rundunarsa ta riƙa ja da baya, Rumawa suka yi ta dannawa ciki, sai fukafukan biyu suka rufe su, mahayan dawaki suka toshe baya. Ka ɗauki takarda ka zana da hannunka. In ka gama, ka wuce Yarmuk, 636, ka ga yadda Khalid bin Walid ya juya dawakinsa cikin kwana shida.

Tsohon Soja: Malam, ban ƙi ta taka ba, amma yaro zai ɗauka yaƙi dabarar wuni guda ce. Hannibal ɗin nan ya ci Cannae, bai ci Rum ba, ƙarshe aka karya shi a yaƙin Zama a 202 kafin haihuwar Annabi Isa. Ɗana, duk yaƙin da ka ɗauka, fara tambaya: me suke ci, wa ke kawo musu, ta wace hanya? Napoleon ya shiga Rasha a Yunin 1812, ya isa Mosko a Satumba, ya tarar an cinna wa birnin wuta. Tun kafin sanyi ya sauka, yunwa da cuta sun cinye masa mutane da dawaki. A Stalingrad ma haka: sojojin Soviet sun zagaye rundunar Paulus, janar ɗin Jamus, a Nuwamban 1942, aka yi alkawarin ciyar da ita ta sama, abin da jirage suka kai bai kusa isa ba, farkon Fabrairun 1943 aka gama miƙa wuya. Sojan da takalminsa ya yage kuma cikinsa ba komai, taswirar janar ba ta yi masa komai.

Malamin Tarihi: Gaskiyarka, Baba. In haka ne ya haɗa da Dien Bien Phu a Vietnam, 1954. Faransawa sun kafa sansani a kwari, sun sakankance ba mai hawa da igwa kan duwatsun. Mutanen Janar Giap na Vietnam suka ja igwa da igiya, suka yi dakon shinkafa a kan kekuna. Ranar 7 ga Mayu sansanin ya faɗi.

Hajiya Mai Karatu: Ni dai roƙona kada a tsallake Afirka. Karanta Tondibi, 1591, inda bindigogin Maroko ƙarƙashin Judar suka tarwatsa Songhai. Shanun da Askiya Ishaƙ ya kora gaba suka firgita da ƙarar, suka juyo kan masu su. Sannan ka ajiye Adwa kusa da shi, 1 ga Maris 1896, inda Menelik, sarkin Habasha, ya riga ya tara bindigogi, ya karya Italiya. Karanta su tare ya fi karanta ɗaya amfani nesa ba kusa ba.

Sabon Ɗalibi: Allah ya saka da alheri. Na zamani fa, Baba?

Tsohon Soja: Nemi labarin ayarin motocin Rasha da ya maƙale arewa da Kiyef, babban birnin Ukraine, a 2022, mai da abinci suka yanke. Amma a yaƙin da bai ƙare ba, kada ka amince da adadin matattu daga bakin ɓangare ɗaya.

Hajiya Mai Karatu: Ka kuma nemi na runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma, ƙarƙashin Birtaniya, a ƙasar Bama (Myanmar ta yau) a Yaƙin Duniya na Biyu. A kwarin Kaladan, 1944, daga sama ake jefo wa ta 81 guzuri, mutane su ɗora a ka su ratsa daji. Wa ke da taswirar hanyar da suka bi? A taimaka a turo.