Mudu Biyu na Tallafi

Uwar Marayu:
Da asuba na kama layi a filin unguwa,
Goyo a baya, rana ta take, babu inuwa.
Mudu biyu na samu, ɗaya gero ɗaya dawa,
Daren nan yara sun ci tuwo har da ƙarawa.
Kada ya zagi tallafi wanda bai kwana da yunwa.

Ɗan Awo na Dawanau:
Inna, barka da arziki, ba na ja da mai godewa,
Amma ni ɗan awo ne, bari in yi aunawa.
A Fabrairun 2024 Tinubu ya ce a yi buɗewa,
Tan 42,000 na hatsi daga rumbun ƙasa, a yi rabawa.
Mu fiye da miliyan 200 ne, ki yi kasawa,
Da ƙyar gwangwanin madara zai kai ga kowa.
Tun 29 ga Mayun 2023 mai ya yi hawa,
Kuɗin mota ya bi shi, tiya ta ƙi saukowa.

Manomi daga Zamfara:
Ɗana, ka auna daidai, amma ka tsallake tushen damuwa.
Ni da hannuna na cika rumbu uku da dawa,
Na fitar da zakka, na aika wa 'yan'uwa.
Yau gonar na daji, ba mai iya leƙawa,
Sai ka biya 'yan bindiga kafin ka yi girbewa.
Ga ni a layi da buhu, ina sunkuyawa.
Ku ba ni gonata lafiya, ni zan yi ciyarwa.

Malamar Firamare:
Baba, maganarka ta sa ni zubar da ƙwalla, wallahi kuwa.
Ni rabon ma nake kuka da yadda ake shiryawa.
A Keffi, Maris 2024, wajen shinkafa aka yi turmutsawa,
Ɗalibai mata biyu suka tafi ba dawowa.
Indiya kilo 5 take bai wa talaka duk wata, ba fasawa,
Da kati, a shagon unguwa, ba sai an yi kokawa.
Me ya hana mu rubuta gida-gida, a yi kaiwa?

Uwar Marayu ta dawo:
Malama, a rubuta, sunana na farkon sawa.
Geron ya ƙare Laraba, ban ɓoye wa kowa.
Baba, in kana kusa da mu, turo jikanka da ƙwarya,
Akwai sauran rabin mudu, mu raba wannan dawa.