Me ya sa ɗalibai a Amurka suka kai jami'o'insu kotu kan tilasta rigakafin korona?

Hajiya Binta:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga masu bibiyar harkokin ilimi a ƙasashen waje. A shekarar 2021 jami'o'i da dama a Amurka sun gindaya sharaɗin cewa ɗalibi ba zai koma aji ba sai ya nuna shaidar allurar rigakafin korona, kuma wasu ɗalibai da malamai suka ƙi amincewa har maganar ta kai gaban alƙali. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, mutanen jami'a su ne ake sa ran za su fi kowa karɓar maganar likitoci. Mece ce hujjarsu, kuma yaya aka ƙare a kotu?

Barista Auwal:
Wa'alaikumus salam, Hajiya. Jami'ar Rutgers ta jihar New Jersey ce ta fara shelanta wannan sharaɗi a watan Maris na 2021, sannan ɗaruruwan makarantu suka bi sahunta. Shari'ar da ta fi fice ita ce wadda ɗalibai takwas suka shigar kan Jami'ar Indiyana, inda suka ce mutum shi ke da iko da jikinsa, kuma a lokacin hukumar kula da magunguna ta ba alluran izinin gaggawa ne kawai, domin allurar Pfizer ba ta samu cikakkiyar amincewa ba sai a watan Agusta na 2021. Kotun tarayya ta ƙi dakatar da dokar, kotun ɗaukaka ƙara ta goyi bayanta, sannan Mai Shari'a Amy Coney Barrett ta Kotun Ƙoli ta yi watsi da buƙatarsu ta gaggawa. Alƙalan sun dogara da wani tsohon hukunci na 1905 da ya halatta wa jihar Massachusetts tilasta rigakafin agana, suka kuma lura cewa jami'ar ta keɓe masu uzurin addini ko na rashin lafiya, bisa sharaɗin sanya takunkumi da yin gwaji akai-akai. A ganina hukuncin yana kan hanya, domin jami'o'in can sun daɗe suna neman shaidar rigakafin ƙyanda da sanƙarau kafin su ba ɗalibi ɗakin kwana.

Dakta Maryam:
Barista ya yi bayanin doka yadda ya kamata, amma halascin doka daban, dacewarta da halin da ake ciki daban. Ni ina goyon bayan rigakafin, kuma na tabbata ya ceci rayukan tsofaffi da masu ciwon suga da hawan jini ba adadi. Sai dai dalilin tilasta wa matashi mai shekara 20 shi ne kare wasu, wato tsohon farfesa da ke tsaye gaban aji da mai shara da ke shiga ɗakunan kwana kowace safiya. Da nau'in korona mai suna Omikron ya bayyana a ƙarshen 2021, sai aka ga waɗanda suka yi allurar ma suna kamuwa suna yaɗawa, don haka wannan dalili ya yi rauni ƙwarai. Ga kuma kumburin tsokar zuciya, wanda hukumomin lafiya na Amurka da kansu suka tabbatar yana aukuwa jefi-jefi, galibi ga samari bayan allura ta biyu. Duk da haka wasu jami'o'i suka ƙara wajabta allura ta uku, kuma Rutgers ba ta janye sharaɗinta ba sai a 2024. A nan ne nake ganin masu adawa suna da gaskiya, musamman waɗanda suka riga suka yi cutar suka warke amma aka ƙi la'akari da hakan.

Malam Sani:
Dakta, na yarda da ke a kan allura ta uku, amma kada mu manta cewa siyasa ta yi kane-kane a cikin lamarin, tun da jihohi irin su Florida da Texas hana jami'o'in gwamnati neman shaidar suka yi gaba ɗaya, ba tare da bambance matashi da tsoho ba. Akwai kuma masu yaɗa ƙarya zalla da suka fake da waɗannan ɗalibai. Amsata ga Hajiya ita ce yawan karatu ba ya maye gurbin amana. Mu da muka san abin da gwajin maganin Trovan, wanda kamfanin Pfizer ya yi kan yara masu sanƙarau, ya haifar a Kano a 1996, da yadda ya taimaka wajen ƙauracewa rigakafin shan inna a 2003, bai kamata mu yi mamakin ɗalibin da aka ce masa ko allura ko ya rasa gurbin karatunsa ya fara tambayar dalili ba.

Hajiya Binta:
Na gode muku duka, Allah Ya ƙara ilimi. Barista, saura batun malamai da ma'aikata, domin ɗalibi yana iya sauya makaranta, amma wanda aka sallama daga aiki fa, yaya iyalinsa za su yi?