Tsohon babur na gyarawa a hau: Besfa, Roadmaster ko XT500?

Mai Tambaya: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ga wanda yake son tsohon babur da zai gyara ya riƙa hawa ranar Juma'a da ƙarshen mako, wanne ya fi cikin ukun nan: Besfa PX 150, Honda CD200 Roadmaster, ko Yamaha XT500 da ya yi shekaru a jingine? Kuma me ake dubawa kafin a biya kuɗi?

Baba Mai Besfa: Wa alaikumus salam. Ɗana, ɗauki Besfa. Kamfanin Piaggio na Italiya ya fara yin ta tun 1946, samfurin PX ya fito a 1977, kuma Bajaj Chetak da LML na Indiya 'yan gida ɗaya ne da ita, shi ya sa kayanta ba sa wuyar samu. Amma kafin ka kalli inji, durƙusa ka leƙa ƙarƙashin wurin ɗora ƙafa. Besfa ba ta da ƙashin baya na bututu kamar sauran babura, jikin nan na ƙarfe shi ne ke ɗauke da komai. In tsatsa ta cinye tsakiyarsa, ko ka ga walda an lulluɓe ta da fenti mai kauri, bar ta ko da araha ce. Inji ana sake shi, jiki kuwa in ya lanƙwashe ba za ta ƙara tafiya a miƙe ba.

Batun mai: injinta na cakuɗa fetur da baƙin mai ne. Kashi biyu cikin ɗari ake sa wa, wato mililita 20 a kowace lita, mililita 100 a lita biyar. A auna da sirinji ko kofin awo, kada a zuba da ido. In ya yi kaɗan fistin zai kama, in ya yi yawa fulogi zai jiƙe, salansa ta toshe da baƙin tokar mai, ƙarfi ya ragu. Wasu PX ɗin suna da tankin mai daban da ɗan gilashin dubawa, suna cakuɗawa da kansu. Irin waɗannan sai an tabbatar famfon yana aiki. Akwatin giya kuma mililita 250 na SAE 30 yake sha, ba ƙari.

Ogan Gareji: Baba ya faɗi gaskiya, sai dai a ƙara da oyil sil guda biyu na karanshaf, don su ne ke kashe Besfar da ta daɗe a ajiye. Kwance notin man giya ka sansana. In ka ji warin fetur, na gefen kuloci ya mutu, kuma za ka ga farin hayaƙi mai yawa don tana ƙona man giya. In kuma ka saki totur inji ya ƙi saukowa, yana ta ihu shi kaɗai, iska ce ke shiga ta gefen fanka ko ta ƙasan kafireta. Wannan ya fi haɗari, domin fetur yana ƙaranci, inji ya yi zafi ya kama ana cikin gudu. Sannan hau ta ka ja da ƙarfi a giya ta biyu da ta uku. In tana fizge giya da kanta, ɗan ƙarfen nan mai siffar giciye da ke zaɓen giya ne ya cinye. Shi kansa ba tsada, amma sai an raba inji biyu.

Ni dai a cikin ukun Roadmaster zan nuna wa mai farawa. Silinda biyu, kafireta ɗaya, giya huɗu, ba cakuɗa mai, ga taushin sauti. Matsalarsa guda ce: saman inji yana rayuwa ne da tsabtar mai. Buɗe murfin bawul ka haska tocila. In wurin ya bushe ko ka ga zane a jikin kam, an taɓa barinsa babu mai, kuma samun kan inji mai lafiya ya fi komai wuya. Tazarar bawul milimita 0.05 ce, inji na sanyi. Mai kamar lita ɗaya da rabi, a canza duk kilomita 1,500, a wanke ragar tace mai da kananzir. In ka ji kacau-kacau daga tsakiyar inji, sarƙar kam ce ta saki. A gwada ɗaure ta tukuna kafin a yi maganar sabuwa.

Ɗan Agadas: Oga, a yi wa XT500 adalci. Ya fito a 1976, kuma shi ne babur ɗin da ɗan tseren Faransa Cyril Neveu ya hau ya ci tseren Faris zuwa Dakar na farko a 1979, ya sake ci a 1980. Tseren farkon nan ta Agadas da Yamai ya bi. Ƙanensa XT600Z da ya fito a 1983 ma sunan hamadarmu aka sa masa, Ténéré. Cikin ukun shi ne wanda masu sha'awa suke nema ido rufe, don haka ko an kashe masa kuɗi ba a yi asara ba.

Abu biyu ke ruɗa wanda bai san shi ba. Na farko, mansa a cikin bututun firam yake zama, ma'aunin yana bayan wuyan babur. In ya kwana biyu man yakan gangara cikin inji, sai mutum ya duba ya ga babu, ya ƙara, ya cika fiye da kima. A tayar da shi ya yi minti uku zuwa biyar, a kashe, sannan a auna. Na biyu, tayarwa. Silinda ɗaya ce mai cc 499, ba a yi mata kik da ka. Taka a hankali har ka ji ya yi tauri, ja ɗan hannun sassauta matsi da ke gefen hagu, tura kaɗan har farar alama ta bayyana a ɗan gilashin da ke saman inji, saki hannun, dawo da kik sama, sannan ka taka har ƙasa gaba ɗaya. Kada ka taɓa totur. Wanda ya murɗa totur kik zai dawo masa, kuma yana iya targaɗa ƙafa. Tazarar bawul ɗin shiga milimita 0.10, na fita 0.15. Kayan cikin inji da yawa ɗaya suke da na Yamaha SR500.

Mai Tambaya: Na gode ƙwarai. To shi wannan da ya yi shekaru a jingine, a zuba fetur kawai a gwada?

Ogan Gareji: A'a, Malam, nan ake ɓata inji. Cire fulogi, zuba cokali ɗaya na baƙin mai a ramin, bar shi ya kwana, sannan ka juya inji a hankali da hannu. In ya ƙi juyawa kada a tilasta, zoben fistin ya manne, zai karye. Zubar da tsohon mai. Cire tanki, zuba masa kananzir da ƙananan notuna kamar cikin tafin hannu guda, girgiza sosai, wanke, busar, ka sa ƙaramar matatar fetur a tiyo. Kafireta a warware ta duka. Ƙaramin jet na silo shi ne ke toshewa da dattin tsohon fetur. A hura shi da iska, kada a zura masa allura, ramin zai faɗaɗa. Taya kuma karanta lamba huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT da ke jikinta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. In lamba uku ce, tun kafin 2000 aka yi ta. Ko zanenta bai goge ba, a canza har da tib.

Rewaya: Ƙarin bayani kan wuta. XT500 na farko-farko da tsofaffin Honda da yawa bolt 6 ne, a duba kafin a saya musu batir ko ƙwai. Masu kwantak a sa tazarar milimita 0.3 zuwa 0.4, in yana yawan ƙonewa kondensa ce. Kuma duk wanda ya ci karo da tsohon babur ɗin Ingila, irin Triumph Bonneville da ya fito a 1959 ko BSA, ya sani wayar fulas ce ke zuwa jiki, akasin na Japan. A juya batir a ƙona rektifaya. Notunansu na inci ne, sifana 13 ko 14 za ta cinye musu kai. Giya tana dama, birkin ƙafa na hagu, haka ma tsohon Royal Enfield Bullet na Indiya.

Mai Walda: In sha'awar ta kai ga sauya siffa, irin salon nan na samarin Landan da ke taruwa a Ace Cafe wajen 1960, mai ƙaho a ƙasa da ɗan gajeren kujera, ina roƙo kada a yanka ko ɗaya cikin ukun nan. A nemi Honda CG125 ko ɗan Sin mai irin injinsa, suna nan birjik, a yanka son rai. Ko a nan ma a auna: cire shakazoba, ɗaga taya har iyakar tafiyarta, a bar aƙalla yatsa biyu tsakaninta da sabon bututun kujera. Kada a yanka gaba da inda shakazoba ke kamawa. Kuma 'yar matatar iskar nan ta kwalliya da ake maƙalawa bakin kafireta ba ta ƙurar hunturu ba ce. Tana ƙara iska, sai an ƙara girman babban jet, in ba haka ba fulogi zai fito fari fat, bawul ya ƙone. Akwatin iska na asali ya fi.

Baba Mai Besfa: Kayan jiki irin su madubi, fitila da murfin gefe a zaga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, tsohon na asali ya fi sabon jabu. Amma oyil sil, boris, gasket da wayar kuloci sababbi kawai, roba ba ta tsufa da kyau.

Ogan Gareji: Haka ne, Baba. Kuma Malam, ga Honda da Yamaha ka sayi man inji 20W-50 mai rubutun JASO MA a jikin galan, na mota yana iya sa kuloci sulɓi. Ranar dubawa ka ce kada a tayar kafin ka iso, ka taɓa inji ka ji da sanyi, sannan ka gwada lambar firam da ta inji da abin da ke cikin takardu.