"Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi": shin ta shafi wasannin yara?

Malamin makaranta: Assalamu alaikum. Na ji wani uba ya kafa hujja da wannan karin magana a bakin filin ƙwallo, bayan ya gama zazzaga wa ɗansa masifa saboda ya zubar da fanareti. Yaron bai wuce shekara tara ba, yana tsaye yana share hawaye da bakin rigarsa, uban kuwa yana cewa gata yake yi masa. Shin nan ne muhallinta?

Mahaifin ɗan wasa: Malam, muhallinta ke nan. Tiger Woods, shahararren ɗan wasan golf na Amurka, yana ɗan shekara 2 aka nuna shi a talabijin yana buga golf a 1978, kuma mahaifinsa ne ya ɗora shi a kan hanyar. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, yaro kuwa ba zai zaɓi wahalar atisaye da kansa ba.

Tsohon koci: Alhaji, ban musa amfanin fara wasa da wuri ba, amma ɗanyen icce shi ne kuma mafi saurin tsagewa idan hannu ya yi masa nauyi. Ƙarshen ƙasusuwan yaro guringuntsi ne wanda bai gama ƙwari ba, saboda haka maimaita motsi iri ɗaya duk shekara ba tare da hutu ba yakan bar masa ciwon gwiwa ko na gwiwar hannu. Jennifer Capriati ta shiga gasar ƙwararru ta tanis a 1990 tana da shekara 13, kafin ƙarshen 1993 ta ajiye wasan na tsawon lokaci, kuma a 1995 hukumar tanis ta mata ta fara aiki da dokar da ke ƙayyade yawan gasar da 'yan mata masu ƙarancin shekaru za su buga.

Wata uwa: A fahimtata, magabata tarbiyya suke nufi, wato gaskiya da kunya da ladabi, waɗanda idan yaro ya rasa su zai cutu ya cutar da wasu. Cin kofi ba ya cikin wannan sahu, domin sau da yawa burin da uba ya kasa cimmawa ne ake ɗora wa yaro, sannan a kira shi tarbiyya. Andre Agassi, shahararren ɗan wasan tanis, da kansa ya bayyana a 2009 cewa ya tsani tanis, wasan da mahaifinsa ya tilasta masa tun yana ƙarami.

Mahaifin ɗan wasa: Hajiya, duk da ƙiyayyar ai manyan kofuna 8 ya ci. Da an bar shi da son ransa, wa zai san sunansa?

Tsohon koci: Alhaji, waɗanda suka kai labari kawai muke ƙirgawa. Ba wanda yake rubuta sunayen yaran da suka fara ƙorafin ciwon ciki duk ranar wasa, har suka daina zuwa fili gaba ɗaya, kuma a aikina su na fi gani. Abin da nake lura da shi shi ne inda idon yaro yake komawa idan ya yi kuskure: wani yakan bi ƙwallo ya ƙwato ta, wani kuwa sai ya tsaya yana duban fuskar mahaifinsa.